Da Wane Harshe Mushe Zai Yi Magana?

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a makarantar ƙauye tsakanin Madawa da Buza da Keita ya san abin da zan faɗa, ko da ba zai faɗe shi a gaban sufeto ba. Mushe, wato malamin aji, yakan rubuta darasi a allo da Faransanci, ya karanta, yara su maimaita da ƙarfi har a ji su daga bakin rijiya. Sai ya yi tambaya, aji ya yi tsit. Ya sake yi, idanun yara sittin ko saba'in suna kansa. Daga nan sai ya ɗan leƙa ƙofa, ya sassauta murya, ya ce: "Ku saurara, ga abin da ake nufi." Kafin ya yi minti biyu yana Hausa hannuwa sun tashi sama. Haka karatu ke tafiya a lakwal da yawa shekara da shekaru: Faransanci a allo da kaye, Hausa kuwa a ɓoye, kamar mai kurɓar ruwa da rana cikin azumi.

Maganar ta sake tasowa ne tun watan Maris na 2025, lokacin da Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma kundin sake gina ƙasa da Janar Abdurahaman Tiani ya sa wa hannu ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wasu sun ɗauka a nan aka fara zancen koyarwa da harshen gida, alhali ya girmi da yawa daga cikin malaman da ke aji yau. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa a Damagaram, daga baya gwajin ya haɗa da Zabarmanci da Fillanci da Barbarci da Tamajak. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta faɗa ƙarara cewa a firamare harshen uwa ko harshen farko na yaro shi ne harshen koyarwa, Faransanci kuwa darasi ne tun daga shekarar farko. A 2015 aka gwada sabuwar manhaja da harsunan ƙasa a makarantu 500, a 2017 aka faɗaɗa ta zuwa 5,000. A takarda, an daɗe da yanke hukunci. Amma takarda ba ta shiga aji da ƙafarta. Malami ne ke shiga, kuma a bakinsa ake gane wace doka ke aiki.

Ni dai ina tare da masu cewa a fara wa yaro da harshen da yake mafarki da shi, kuma ba zan ɓoye dalilina na farko ba. Na yi lakwal a zamanin sambol. Wani ƙashi ne da aka huda aka zura wa igiya, duk wanda aka ji ya yi Hausa a farfajiya sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa, wanda rana ta faɗi yana wuyansa shi zai sha bulala. Abin da sambol ya fara koya mana shi ne yin shiru, sannan leƙen asirin abokanmu. Na san yara masu kaifin basira da suka bar makaranta suna ganin kansu daƙiƙai, alhali laifinsu ɗaya: ana yi musu tambaya da harshen da ba su ji.

A bar batun zuciya, a je kasuwa. Yarinya ƴar shekara bakwai da ke taya uwarta sayar da ƙuli-ƙuli ran kasuwar Tamaske ta san dala ashirin, ta san dala ɗari, ta san dala ɗari biyu jika ɗaya ce, kuma ba ka isa ka cuce ta a canji ba. Ranar da ta shiga aji sai a nuna mata tsabar da ta sani da dala ashirin a ce mata sunanta ɗari, da wata kalma da ba ta taɓa ji ba. Lissafin da ke kanta, wanda ninkawa ne da biyar ba tare da ta sani ba, sai a ajiye shi waje tare da takalmanta. Malamin da aka ba damar yin Hausa a fili zai iya ɗora darasin ninkawa a kan wannan dalar. Haka yaron Garhanga ko Ibohaman da ya tashi yana ganin jerin duwatsun tare ruwa da aka shimfiɗa a kan tuddai tun aikin raya karkarar Keita da ya fara a 1984, wanda mata suka ɗauki yawancin duwatsunsa a ka: ya san yadda ruwa ke cin ƙasa, ya san dalilin da ya sa layukan dogon yaro na kwarin Magiya ke kare gero daga iska. Yana da abin faɗa a darasin kimiyya, in an bar shi ya faɗa.

Alƙaluma ma sun goyi bayan masu wannan ra'ayi. A gwajin PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashe goma na Afirka, ko ɗaya cikin goma na yaran Nijar da ke ƙarshen firamare bai kai matakin da ake buƙata a karatu ba. A 2019 abin ya ɗaga zuwa wajen uku cikin goma. Shekara shida kenan yaro na zaune a ƙasa ko a benci, uwarsa ta haƙura da tallarsa, ubansa ya haƙura da kiwonsa, ya fito ba ya iya karanta wasiƙa da kowane harshe. A wannan gwajin na 2014, ƙasar da ƙananan ɗalibanta suka yi zarra ita ce Burundi, inda ake fara karatu da Kirundi. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi wannan kira tun 1964 a littafinsa kan ilimi a Afirka, kuma masanin kimiyyar hasken rana ne da ya ƙware a Faransanci, ba wanda zai ce gazawa ce ta sa shi faɗa.

To amma in ka zauna da iyaye a gindin bedi za ka ji wata magana, kuma rashin adalci ne a ɗauke ta a matsayin jahilci. Uba yakan ce wa malami: "Mushe, in Hausa ce ai muna da ita a gida. Na kawo maka shi ne ka ba shi abin da ba mu da shi." Mutumin yankinmu na Adar matafiyi ne. Da an gama girbi samari sun kama hanyar Abijan ko Libiya ko Aljeriya ko Legas, kuma wanda ya taɓa tsayawa gaban jami'in kan iyaka da takarda a hannu bai san abin da ke cikinta ba ya san darajar Faransanci fiye da mai digiri. Jarrabawar birbe da Faransanci ake yin ta, haka ta bakaloriya, haka ta shiga aikin gwamnati, takardar magani ma da shi likita ke rubutawa. Sannan talaka na da ido. Yana ganin manyan da ke yabon harsunan ƙasa a rediyo suna kai nasu ƴaƴan makarantun kuɗi na Yamai da Tawa inda ba a jin komai sai Faransanci, yanzu har da Ingilishi. In ya yi zargin ana so a yi makaranta iri biyu, ta masu mulki da ta waɗanda za a mulka, ba ni da bakin ce masa ya yi ƙarya. Wannan hujjar ba a rushe ta da jawabi. Sai ranar da ya ga ɗan maƙwabcinsa da ya fara da Hausa ya ci birbe.

Hujjar da ta fi damuna kuwa daga bakin malaman kansu take fitowa. Yawancin masu koyarwa a ƙauyukanmu ƴan kwantiragi ne, kuma kowa na tuna jarrabawar da aka yi musu a 2017 zamanin minista Dauda Mamadu Marte, wadda wajen kashi ɗaya cikin uku kawai suka sami matsakaicin maki. Wasu sun ce wannan ya nuna gara a koma Hausa tunda Faransancin malaman ma ya raunana. Sai dai jin Hausa daban, koyar da karatu da ita daban. Malamin da aka haifa a Karofan ko Tabotaki, wanda Hausa ce nononsa, bai taɓa zama ajin da aka koya masa rubuta ta ba. Dubi saƙonninmu na WhatsApp: "cikin" ya zama "tchikin", "kwana" ya zama "kouana", ƙ da ɗ da ɓ sun ɓace. Allunan bakin hanya ma "Madaoua" da "Bouza" suke cewa. An tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar tun 1999, amma malami nawa ne suka taɓa riƙe ta a hannu? Mutumin da aka ba horon ƴan kwanaki, aka ce gobe ya koyar da rabawa da sassan jiki da Hausa, ba kalmomin fannin, wani lokaci ba littafi ko ɗaya a hannun yara, a cikin rumfar kara da ba a gama kafawa sai bayan an cire amfanin gona, in ya koma ga Faransancin da ya haddace ba taurin kai ya yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma ƴar matsalar da manya ke rainawa. Littafi na rubuta "fara" da "tafiya" da "kyanwa", yaron Adar na cewa "hwara" da "tahiya" da "mussa". Littafi ya ce "yana zuwa", shi ya ce "shina zuwa". Tazarar ba ta kai ta Faransanci ba ko kusa, malami mai hankali zai haye ta cikin mako biyu. Amma malamin da bai fahimta ba zai iya mai da Adaranci abin dariya a aji, ya ce wa yaro Hausar uwarsa ba daidai ba ce.

Masu adawa sun sami ƙarin ƙarfi daga ƙetaren iyaka. Najeriya ta amince a 2022 cewa a koyar da yaran firamare da harshen uwa, sai a Nuwamba 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya soke tsarin, ya ce a koma Ingilishi, yana kafa hujja da faɗuwa a manyan jarrabawa. Wannan hujjar ba ta gamsar da ni ba, domin yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 bai ko gama firamare ba, balle ya zauna jarrabawar ƙarshen sakandare. Amma labarin na da darasi ga Nijar: tsarin da aka shelanta ba a tanadar masa malamai da littattafai ba, shi za a ɗora wa laifin duk abin da ya lalace. Wani gargaɗin kuma daga cikin gida ya fito. Binciken da Hassana Alidu, ƴar Nijar, ta yi da abokan aikinta a 2006 kan harshe da ilimi a Afirka ya nuna yaro na buƙatar shekara shida zuwa takwas yana koyon baƙon harshe a hannun ƙwararren malami kafin a mai da shi harshen da zai koyi komai da shi. Ke nan a yi Hausa shekara biyu ko uku sannan a jefa yaro cikin Faransanci tsundum, rabin magani ne. A Ife ta ƙasar Yarbawa, gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 shekara shida cur ya yi da Yarbanci, Ingilishi na gefe a matsayin darasi, kuma takwarorinsu ba su bar yaran a baya ba ko a Ingilishin.

Duk wannan muhawara ce tsakanin Hausa da Faransanci, kuma mu Hausawa mun fi son ta tsaya a nan. Amma ƙasar nan ba tamu ba ce mu kaɗai. Kel Geres masu jin Tamajak na Arzarori da Galma suna nan tun kafin Bature ya zo, sarautar Keita kanta ta Lisawan ce, Fulani na da rugagensu daga kwarin Tarka har Bangi. Gaskiya ne da yawa daga cikinsu na jin Hausa, wasu ma ta zame musu harshen gida. Sai dai Hausar da magidanci ke ciniki da ita a kasuwar dabbobi ba ita ce ke bakin ɗansa ɗan shekara shida da bai taɓa nisa da tanti ba. Ga wannan yaron, aji na Hausa zalla wani Faransanci ne, sai dai mai sauƙin samu a titi. Burundi da ake misali da ita kusan harshe ɗaya gare ta. Ajin da ke arewacin Keita na iya haɗa uku. Malamin ma wani lokaci Bazabarme ne daga Doso da aka turo Buza, Hausarsa ta sayen goro ce.

A nan ne labarin wata ƙasa mai nisa ya tsaya mini a rai. A arewacin Beljiyam, yankin Filanda, mutane na magana da Holanci, amma a ƙarni na 19 Faransanci ne harshen manya da manyan makarantu, kuma yaron da aka kama yana yin harshen gida akan ba shi wata alama ya riƙe har ya kama wani. Sambol ɗinmu ne sak. Sun yi gwagwarmaya tsawon zamani, har jami'ar Gent ta koma koyarwa da Holanci a 1930, dokar 1932 kuma ta ce harshen yanki shi ne harshen makaranta. Yau azuzuwan Gent da Antwap cike suke da jikokin Turkawa da ƴan Maroko, wasunsu ma harshen gidansu na tsaunukan Rif ɗan'uwan Tamajak ne. Da masu bincike, cikinsu har da Piet Van Avermaet na jami'ar Gent, suka tambayi ɗaruruwan malaman sakandare, sai fiye da kashi uku cikin huɗu suka ce bai kamata a bar waɗannan yara su yi harshen gidansu a makaranta ba. Jikokin waɗanda aka rataya wa alama ne ke faɗin haka. Ba mugunta ke sa su ba: tsoro suke kada yaran su kasa Holanci su rasa aiki, irin tsoron uban nan na gindin bedi, kuma malamin da ba ya jin abin da ɗalibai ke faɗa yakan ji aji ya kuɓuce masa.

Birnin Gent ya gwada wata hanya daga 2008 zuwa 2012 a makarantun firamare huɗu. Aka bar yara su yi amfani da harsunansu wajen taimakon juna, a biyu daga cikin makarantun ma aka fara koya wa yaran Turkawa karatu da Turkanci. Sakamakon bai zama abin al'ajabi ba, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake: Holancin yaran bai fi na sauran ba, bai kuma kasa ba, amma sun fi sakin jiki da yarda da kansu. Har yau gardamar ba ta mutu a can ba. Babbar ƙungiyar makarantun gwamnati ta sassauta a 2017, ministocin ilimi na yankin kuma suna ƙara matsawa kan Holanci. Halinsu ba namu ba ne, domin yaron Gent na jin Holanci a titi da talabijin, yaron Allakai kuwa ba ya jin Faransanci ko'ina sai a bakin mushe, abin da ya sa buƙatarmu ta harshen gida ta fi tasu tsanani. Abin da na ɗauko daga wurinsu shi ne malami ba sai ya iya kowane harshe ba kafin ya ba shi wuri a aji. Zai iya haɗa yaran Tamajak biyu da wanda ya fi su jin Hausa, ya ce su tattauna da harshensu su kawo amsa. Zai iya tambayar sunan raƙumi da Fillanci da Tamajak ya rubuta a allo kusa da na Hausa, ya roƙi wata dattijuwa ta zo ta nuna wa aji yadda ake rubuta suna da Tifinag, rubutun Tamajak. Wannan ba ya cin ko dala.

Da na auna duka, ban sauka daga ra'ayina ba, amma na rage gaggawa. A fara da harshen yaro, a ci gaba da shi har ƙarshen firamare, a koyar da Faransanci tun ranar farko a matsayin darasi mai lokacinsa da malamin da ya iya shi, domin uban da ya ce a ba ɗansa abin da ba shi da shi yana da gaskiya, kuma alkawarin da za a yi masa kenan. Inda yawancin yara Tamajak ko Fillanci suke ji, a fara da shi, Hausa ta shigo daga baya. Zamanta harshen ƙasa bai ba mu izinin ɗaukar ƙashin nan mu rataya a wuyan ɗan wani ba. Nauyin kuwa a ɗora shi inda ya dace. Makarantar horon malamai ta Kawusan da ke Tawa ta riƙa yaye malamin da ya iya rubuta harshensa da ƙa'ida, ya kuma yi gwajin koyarwa da shi a gaban yara na gaske. Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa ta zauna da tsofaffin malamai da manoman albasa da ungozomomi a tattara kalmomin lissafi da na jiki da na ƙasa, maimakon a ƙago su a ofis. Masu rarraba malamai su tambayi harshen da mutum ke ji kafin su rubuta sunan ƙauyen da za su tura shi. Sufeto kuma, ranar da ya iso Sabon Gida ko Babban Katami ya tarar da mushe na bayani da Hausa, ko yara biyu na raɗa da Tamajak a kan lissafi, ya nemi wuri a bayan aji ya zauna, ya jira ƙarshen darasi, ya kira yarinya ɗaya ya miƙa mata alli ya ga ko za ta iya raba jika uku tsakanin mutum huɗu.